Tambaya da Amsa: AutoCAD ya ƙi buɗewa, wai fayil ɗin DLL ya ɓata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a nan Samaru ina karatun zanen gine-gine, laptop ɗina ce ta riƙa nauyi sai na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari ya yi mata formatin ya sa sabon Windows, to tun da na dawo da ita duk sanda na danna AutoCAD sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa "MSVCP140.dll was not found". Wani ɗan ajinmu ya sauko min da fayil ɗin daga wani shafi ya zuba a System32, yanzu kuma saƙon ya canza ya koma 0xc000007b. Mai gyaran ya ce in dawo da ita a sake formatin, ga shi sati biyu ya rage in miƙa zanena. Dan Allah ya zan yi?
Wata mai karatu daga Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, kuma dan Allah kar ki yarda a sake formatin ɗin nan, shi ne ma ya jawo matsalar tun farko. Kafin ki taɓa komai ki kwafe zanenki kaf a filashi.

Kin san gidan haya, kowace mata da tukunyarta amma turmin tsakar gida ɗaya ne kowa ke daka a ciki. To haka DLL yake, fayil ne da manhajoji da yawa suke aro su yi aiki da shi, maimakon kowacce ta zo da nata. Wannan MSVCP140 ɗin ba na AutoCAD ba ne, yana cikin wani ƙunshi na Microsoft da ake kira Visual C++ Redistributable, formatin ya share shi, kuma abin da na fi zargi shi ne mai gyaran foldar manhajar kawai ya kwafo miki daga filashinsa bai yi instol yadda ya kamata ba, dan da ya yi da ƙunshin ya shigo tare da ita.

Shi kuma ɗan ajinku da niyyar taimako ya yi amma taɓarya ya kawo miki ba turmi. Fayil ɗin ba ya aiki shi kaɗai, yana tafiya da 'yan'uwansa irin su VCRUNTIME140.dll, sannan kowanne kala biyu ne, akwai na 32-bit akwai na 64-bit. Abin da ke rikita mutane shi ne a Windows mai 64-bit, foldar System32 ta fayilolin 64 ce duk da sunanta, na 32 kuwa a SysWOW64 suke zama. In aka zuba na 32 inda ake neman na 64 sai ki ga 0xc000007b, wato dai abin da kike gani yanzu. Ni abin da ma ya fi damuna da shafukan nan masu raba DLL ɗaya-ɗaya shi ne ba ki san wa ya taɓa fayil ɗin ba, kuma DLL umarni ne a cikinsa da kwamfuta za ta bi, in an cusa masa bairos kin buɗe masa ƙofa da hannunki kenan.

Ki goge wanda ya zuba ɗin, shi kaɗai, kar ki taɓa wani abu a foldar. Sai ki shiga shafin Microsoft da kansa, ki duba adireshin ki tabbata microsoft.com ne, ki nemo Visual C++ Redistributable na baya-bayan nan mai lamba 14 (v14), ki sauke guda biyu, vc_redist.x64.exe da vc_redist.x86.exe, ki sa dukansu ko da kwamfutarki 64-bit ce saboda wasu manhajojin na 32 suke nema. Su biyun ba su kai megabait 50 ba, ba za su cinye miki data ba. In ya nuna miki Repair ki danna shi. Ki kashe kwamfutar ki kunna, sannan ki sa Windows Security ya bincike ta saboda wancan fayil da ya taɓa shiga.

Lambar da ke jikin sunan ma tana gaya miki wanda za ki nema, 140 na 2015 zuwa sama ne, 120 na 2013, 110 na 2012, 100 na 2010, kuma sabo ba ya maye gurbin tsoho, shi ya sa za ki ga jerinsu da yawa a kwamfuta, kar ki cire su da sunan neman fili.

In duk da haka bai buɗe ba, ki cire AutoCAD ki sake sa shi da instola ta asali. In kuma wasu manhajojin ma sun fara kukan DLL daban-daban, ki rubuta cmd a Start, ki zaɓi Run as administrator, ki rubuta sfc /scannow ki bar shi ya kai 100, wannan fayilolin Windows ɗin kansa yake gyarawa. Ki tabbata da caji sosai ko ki yi lokacin da akwai wuta, dan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar rubuta fayil na daga cikin abubuwan da ke lalata su. In an gyara yau gobe wani ya sake lalacewa to a duba hard disk ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, musamman in laptop ɗin ta hannu ce. Allah Ya ba da sa'ar zane.

TAMBAYA: Malam gem ɗin ƙwallo na sa a kwamfuta yana cewa babu xinput1_3.dll da d3dx9_43.dll, alhali DirectX 12 gare ni.
Wani matashi daga Tudun Wada

AMSA: Ƙanena DirectX ƙunshin Microsoft ne da gem ke aiki da shi wajen hoto da sauti, kuma na 12 ba ya zuwa da waɗannan fayilolin, tsofaffi ne. Ka nemo DirectX End-User Runtimes na watan Yuni 2010 a shafin Microsoft ka sa, ba zai taɓa maka 12 ɗin ba. Ka ma fara duba cikin foldar gem ɗin, sau da yawa akwai wata folda mai suna Redist ko DirectX, in ka ga DXSETUP.exe a ciki shi za ka danna, ba sai ka kashe data ba.