Jatan lande ya yi saɓa a akwatin gilashi: amsa ga masu kiwo a Damagaram

Wani mai kiwo daga unguwar Birni ya ce da safe ya tarar da jatan landensa kwance a ƙasan akwatin ruwan gishiri, fari fat, ba ya motsi. Yana tambaya ko mutuwa ya yi.

Malam, ɗauki tocila ka leƙa bayan duwatsu tukuna. In abin da ka gani fanko ne, ana hangen haske ta cikinsa, kuma ya tsage a bayan kai, to saɓa ya yi, kamar yadda maciji yake yi. Mushe yana da nama a ciki. Ɓawon jatan lande ba ya girma, don haka duk bayan 'yan makonni sai ya sha ruwa ya kumbura, tsohon ɓawon ya tsage, ya fito. Ƙanana sun fi manya yawan yi, kuma ƙafar da ta karye tana sake tsirowa a saɓa ta gaba. Kwana ɗaya ko biyu jikinsa taushi ne, kifi zai iya cinye shi, shi ya sa yake ɓuya. Kada ka taɓa shi. Ɓawon ma ka bar masa, yakan ci don ya maido da kalsiyam.

Wata Hajiya daga Zango kuma ta ce nata ya maƙale a cikin ɓawon, rabi a waje rabi a ciki, har ya mutu.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. A garin nan ruwa nake fara tuhuma. Ruwan teku gishirinsa wajen giram 35 ne a lita, kuma jatan lande ba ya jure sauyi na farat ɗaya, balle lokacin saɓa. Da hunturu da bazara ruwa yana tashi sama, gishirin ya zauna, ruwan ya ƙara kauri. Ki yi alama a jikin gilashin, kullum ki cike gurbin da tataccen ruwa mara gishiri, kaɗan-kaɗan. In ruwan famfo ne, sai an cire masa kulorin. Sabon haɗi kuwa da gishirin kiwon halittun teku ake yi, wanda ke da kalsiyam da magniziyam. Gishirin miya, na Bilma ko kanwa ba za su yi ba.

Sai zafi. Digiri 24 zuwa 27 yake so, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40. Ki ajiye akwatin a ɗakin da rana ba ta shiga, fanka tana kaɗa saman ruwan, sannan ki tanadi injin iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, don ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce. Maganin kifi mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe kada ya shiga akwatin nan ko ɗigo, guba ne ga jatan lande.