Shin Super Falcons su koma wasa irin na Sifaniya?

Tambaya: Malam, tun da matan Sifaniya suka ci kofin duniya na 2023 nake jin ana cewa riƙe ƙwallo da gajerun fasin shi ne wasan zamani. Me ya hana Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Najeriya, bin wannan salo? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Bari mu koma wannan gasar da kika ambata. A wasan rukuni, Japan ta lallasa Sifaniya da ci 4-0, alhali ko kashi ɗaya cikin huɗu na riƙon ƙwallo ba ta samu ba. 'Yan Japan sun ja baya, sun toshe tsakiya, da zarar sun ƙwace sai su ruga ta bayan 'yan bayan Sifaniya da suka hauro gaba. Kafin hutun rabin lokaci an zura uku, biyu daga ƙafar Hinata Miyazawa. Ashe riƙe ƙwallo kaɗai ba ya ba da nasara.

Salon Sifaniya kuma ba dare ɗaya aka gina shi ba. Aitana Bonmatí, Alexia Putellas, Irene Paredes da Salma Paralluelo duk a Barcelona suke taka leda a 2023, kullum tare suke atisaye. 'Yan wasanmu kuwa a warwatse suke, wasu a Faransa, wasu a Amurka, wasu a gida, sai gasa ta ƙarato a tara su. Ta yaya za a ce su san tunanin juna haka?

Ƙarfin Najeriya a 2023 tsaron gida ne da saurin kai hari. Mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie ta tare fenaretin Christine Sinclair aka tashi canjaras da Kanada, sannan suka doke Ostareliya mai masaukin baƙi 3-2. Ban ga dalilin watsar da wannan ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wasa da Ingila. An ba Lauren James ta Ingila jan kati dab da cikar minti 90, ƙwallo ta dawo ƙafarmu a ƙarin lokaci, amma muka rasa mai tsara harin da zai fasa 'yan Ingila goma da suka rage. Muka fita a bugun fenareti. Nan ne ya kamata a koya daga Sifaniya: 'yan tsakiya masu natsuwa, waɗanda za su buɗe ƙungiyar da ta tare a gida. A gasar Afirka kusan kowa haka yake tarbar Najeriya.