Na yi masa allura ya ture abinci, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Yarona ɗan shekara 5 ne, yana da ciwon suga irin na yara, muna yi masa allurar Mixtard safe da yamma. Matsalar ita ce sai na yi masa allurar na kawo koko da ƙosai ya kurɓi biyu ya ture kofin, in na matsa masa sai kuka, ni kuma duk hankalina ya tashi. Ko in dinga bari sai ya ci tukuna sannan in yi masa?
Maman Khalifa, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Khalifa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.

Gaskiya da Mixtard kam a'a, kar ki mayar da ita bayan abinci. Ita haɗin insulin ce, wato maganin da ke saukar da sugan jini, kashi 30 mai ɗan saurin aiki, kashi 70 mai jan lokaci, kuma sai ta yi kamar minti 30 a jiki kafin ta fara aiki, shi ya sa ake cewa a yi ta rabin awa kafin a ci. In kika bari sai ya ƙoshi, sugan koko zai riga ta shiga jini ya hau sama, ita kuma ƙarfinta ya zo daga baya lokacin yana aji ciki ya fara zama wayam, sai suga ya faɗi ƙasa, nan ne za ki ji an kira ki wai yaro na gumi yana karkarwa.

Alluran insulin da likitoci kan yarda a yi wa ƙananan yara masu tsirfar cin abinci da zarar sun gama ci su ne irin su NovoRapid da Humalog, don cikin minti 10 zuwa 20 sun kama aiki, sai a auna allurar daidai da abin da yaron ya ci. Sun fi tsada, kuma sai an haɗa da mai dogon aiki irin Lantus, amma ki tayar da maganar a asibiti ranar da za ku koma, kar dai ki canza da kanki ko a bakin mai kemis.

Yanzu in an riga an yi allura ya ƙi ci, ki daina dambe da shi a kan kokon, ki sauya masa da abin da zai karɓa, burodi da madara, ayaba, kunun gyaɗa. Ƙwai ko nama ba za su maye gurbin ba. Amma fa kar ki saba masa da alawa a nan, yaran nan wayo gare su, gobe da gangan zai ƙi ci.

Sannan ki gwada sugan jininsa. In ya yi ƙasa da 70 a mita (ko 3.9 in irin wannan lissafin taku take yi), ki dama suga ƙaramin cokali biyu a ruwa ki ba shi, bayan minti 15 ki sake gwadawa, in ya dawo daidai ya ci wani abu mai riƙe ciki. In ya suma kar a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Yaron da ake yi wa Mixtard ba ya tsallake cin wani abu da hantsi, ki sa masa a jaka kullum kuma ki sanar da malamar ajinsu. Ranar da zazzaɓi ya hana shi ci kuwa kar ki dakatar da allurar gaba ɗaya, ki kira likitansa ya faɗa miki nawa za ki yi.