Lissafin Inda Ƙofar Sheƙa Take Kallo

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka auna sheƙuna 60 da kamfas, ka tara lambobin ka raba, matsakaicin ya nuna maka kudu, alhali da idonka ka ga yawancin ƙofofin arewa suke kallo. Kana tambaya ko kamfas ɗin ne ya lalace, kuma wane gwajin lissafi ya kamata ka yi don ka san ko tsuntsayen sun zaɓi alƙiblar ne ko dace ne kawai. Kamfas ɗinka lafiyarsa ƙalau, lissafin ne bai dace da aikin ba.

Ɗauki sheƙa biyu, ɗaya a digiri 350, ɗaya a digiri 10. Duka biyun arewa suke kallo, digiri 20 ne kacal tsakaninsu. Ka haɗa ka raba biyu, sai 180 ta fito, kudu sak. Alƙibla da'ira ce, 359 da 1 maƙwabtan juna ne, shi kuwa matsakaicin da aka koya mana bai san da wannan ba. Don haka ka mai da kowace sheƙa kibiya mai tsawo ɗaya. Ka fitar da sayin da kosayin (sin da cos a kalkuleta) na kowace kusurwa, ka nemo matsakaicin kowannensu daban, su biyun za su haifar maka da kibiya guda. Inda ta nuna shi ne matsakaicin alƙibla. Tsawonta kuma, wanda ake kira r, yana tsakanin 0 da 1: in ya doshi 1 ƙofofin sun taru waje guda, in ya doshi 0 sun watse.

Amma kafin ka taɓa kowane gwaji, zana da'ira ka ɗiga kowace sheƙa a bakinta. Ba na wasa da wannan mataki, domin zanen ne zai gaya maka gwajin da ya dace.

In ɗigon sun yi tsibi ɗaya, gwajin Rayleigh ya wadatar. Ka ninka r da kansa, ka ninka da yawan sheƙunan. Da sheƙuna kamar naka, in sakamakon ya haura 3, da wuya a ce dace ne kawai. Sai dai Rayleigh yana da makanta. A ce rabin ƙofofin suna kallon digiri 80, rabi 260. Kibiyoyin za su cinye juna, r ya faɗo kusa da 0, gwajin ya ce babu komai, ga shi kuwa tsuntsayen sun yi zaɓi ƙarara. Maganinsa ka ninka kowace kusurwa sau biyu: 80 ta zama 160, 260 ta zama 520, ka cire 360 ta dawo 160, tsibi biyun sun haɗe, sai ka sake gwajin Rayleigh da sababbin lambobin. In tsibin ba su fuskanci juna ba, ko sun kai uku, koma wa gwajin Hermans-Rasson ko na tazara na Rao. Kwatanta daji biyu kuma aikin gwajin Watson ne na rukuni biyu. Duk wanda za ka yi, ka tsai da shi tun farko, kada ka yi ta gwadawa har sai wani ya ba ka amsar da ranka yake so.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaya ba. Sheƙuna goma a bishiya ɗaya ba shaidu goma ba ne, iska ɗaya da inuwa ɗaya suke sha. Haka nan tsuntsun da ke shiga ramin da ya tarar, in yawancin ramukan dajin gabas suke kallo, ba za ka ce shi ya zaɓi gabas ba sai ka auna har ramukan da ba kowa a ciki ka kwatanta. Ka kuma tuna tsinken kamfas arewar maganaɗisu yake nunawa, bambancinta da arewa ta gaskiya yana canjawa da wuri da shekara, a wasu wuraren ya wuce digiri 10. Ka gyara wannan, ka rubuta lambar bishiya a gefen kowace sheƙa, sannan ka turo mini zanen mu duba tare.