Filin Tambaya da Amsa: Ƙungiyarmu ta Masu Kifin Ado Tana Ta Raguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kafa ƙungiyar masu kiwon kifin ado a unguwarmu, mu 22. Ba a rufa shekara ba muka koma mu 5. Muna taro duk wata, amma sabon shiga da ya zo sau biyu sai a neme shi a rasa. Ina gizo ke saƙar? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku gyara tsarin taro, ku bi gidajen waɗanda suka tafi ku ga tankunansu. Da yawa za ku tarar da tankin a bushe, an jingine shi a bayan ɗaki. Kifin ya mutu a makonnin farko, kunya ta hana mai shi dawowa.

Ga abin da ke faruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, guba ce mai ƙona sarar kifi, wato wurin da yake numfashi. A tsohon tanki akwai bakteriya masu amfani zaune a cikin soson matata, suna mayar da amoniya zuwa nitirait, wanda shi ma guba ne, daga nan zuwa nitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Sabon shiga kuwa ɗoki na cinsa, rana ɗaya zai zuba kifi 20. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, kifi ya taru a sama yana haki.

Maganin yana hannun ƙungiya. Duk wanda ya shigo, tsohon mamba ya yanko masa ɓangaren soson matatarsa, a sa a leda da ruwan tankin, a kai a ranar, kada a bari ya bushe. Kada a wanke shi da ruwan famfo, kulorin, sinadarin da ake tsaftace ruwan famfo da shi, na kashe bakteriyar. A tanki mai lita 60 ya fara da gofi, wani ƙaramin kifin ado, guda 5 ko 6, ba jan kifin nan na zinare ba, wanda ke girma sosai kuma yana ɓata ruwa. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2. Duk mako ya kwashe rubu'in ruwan ya zuba wanda ya kwana a buɗaɗɗen bokiti domin kulorin ya fita.

Sannan ku haɗa shi da mutum ɗaya takamaimai da zai leƙa shi sau 3 a watan farko. Idan aka ce "kowa ya taimaka masa", ba wanda zai je.

Kuɗin wata kuma a ga amfaninsa da ido. Ku sayi kayan gwajin ruwa, da famfon iska mai batir guda 2 na aro saboda ɗaukewar wuta, da ƙaramin tanki na killace sabon kifi na mako 2 zuwa 4. Wannan na ƙarshen muna matsa muku a kansa: musayar kifi ba killacewa ita ke yaɗa cutar farin ɗigo, mai kama da barbaɗin gishiri a jikin kifi, musamman da hunturu idan ruwa ya yi sanyi da dare. Idan mamba ɗaya ya rasa kifinsa ta dalilin kyautar wani, zumunci ya yi tsami.

Tambaya: Mu mata ne, mu 7, ba mu da kuɗin talla. Yaya za mu jawo wasu? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, tanki mai tsabta shi ne tallarku. Ku nemi izinin ajiye ɗaya a makarantar yara ko shagon ɗinki, ku raba kwanakin kula da shi a tsakaninku, domin tankin da ya yi gansakuka korar mutane yake yi. Macen gofi tana haihuwa kusan duk wata, sau da yawa 'ya'ya 20 ko fiye, don haka ba za ku rasa abin kyauta ba. Amma kada a miƙa kifi sai an ga tankin mai karɓa ya kafu.

Taro ya riƙa zagayawa gida-gida kamar na adashi, kada ya wuce awa ɗaya, kuma kowane zama a yi aikin hannu guda: yau haɗa gilashin tanki da gam ɗin silikon marar maganin funfuna, wata mai zuwa zuƙe dattin ƙasan tanki da tiyo. Baƙuwa a miƙa mata tiyon ta yi da kanta tun zuwanta na farko.