Kyamara Mai Rawa Da Teburi Mai Karkarwa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina kai saƙo a babur tsakanin Samaru da Sabon Gari, na ɗaure wayata a kan babur don kallon taswira. Yanzu in na buɗe kyamara sai hoto ya dinga rawa, ga 'yar ƙara daga bayanta. Ba ta taɓa faɗuwa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Jijjigar inji ce ta ci ta. Gilashin kyamarar baya a manyan wayoyi ba a kafe yake ba, a rataye yake da siraran sifirin, maganaɗisu na gyara masa zama don rawar hannu kada ta ɓata hoto. Duk abu mai nauyi da ke kan sifirin yana da saurin lilonsa na kansa: sifirin mai tauri ya ƙara saurin, nauyi ya rage shi. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana jijjiga wayar sau 50 a sakan, kuma adadin na hawa da sauka yadda kake murza totur. Da zarar ya yi daidai da saurin lilon gilashin, sai ya zama kamar tura yaro a lilo a kan gaɓa, ƙaramin turi amma lilon sai ƙaruwa yake. Idan abin da ke shanye motsin bai wuce kashi 5 cikin 100 na wanda zai hana lilo ɗungurungum ba, motsin kan ninka sau 10. Kamfanin Apple da kansa ya ja kunnen masu iPhone a kan wannan a 2021.

Gwada kyamarar gaba, wadda a yawancin wayoyi ba ta da wannan rataya. In ita lafiya lau take, to ta bayan ce za a canja gaba ɗayanta. Kada wani mai gyara ya karɓi kuɗinka da sunan filashin, wato sake loda manhajar wayar, matsalar ba ta manhaja ba ce. Daga nan ka nemi mariƙi mai roba a tsakiya, ko ka sa wayar a aljihu da abin sauraro a kunne.

Tambaya: Muna da shagon buga takardu a Kongo. In aka tada janareta teburi ya yi ta karkarwa, kwamfuta na tsayawa. Mun sa guntun tayar mota a ƙarƙashin janaretan, abin sai ma ya ƙaru. Ina muka yi kuskure?

Amsa: Hajiya, dabarar daidai ce, robar ce ta yi tauri. Ƙaramin janareta na juyi 3,000 a minti domin ya ba da wuta irin tamu, wato jijjiga 50 a sakan. Roba ba ta fara tare jijjiga sai saurin injin ya haura na lilonsa a kan robar da ninki 1.4, ƙasa da haka ƙara ta take yi. Rula kawai za ta gaya muku inda kuke. Ku auna kaurin robar, ku ɗora janaretan, ku sake aunawa. In ta lotsa da milimita 0.1 kacal, wadda ido ma ba zai gani ba, saurin lilon ya kai kusan 50, kun faɗa tsakiyar matsalar ke nan. In ta lotsa milimita 1, ya sauko wajen 16, abin da zai isa daɓe bai fi kashi 11 cikin 100 ba a lissafi. Saboda haka ku sa roba mai laushi guda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, masu lotsewa milimita 1 zuwa 4. Shimfiɗa ɗaya mai faɗi ba ta lotsewa, don nauyin ya bazu.

Za ku ga janaretan ya yi tsalle na ɗan lokaci wajen tadawa da kashewa. Ba lalacewa ba ce, yana ratsa saurin lilonsa ne ya wuce.

Tsayawar kwamfutar kuwa, in faifan ajiyarta mai juyawa ne, irin mai 5,400 ko 7,200 a minti, allurar karatunsa na kauce wa layi in teburi na rawa, sai ta sake nema. Ku kwafe ayyukan mutane yau, ku koma SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da abu mai motsi. Janaretan kuma a fitar da shi waje nesa da taga, hayaƙinsa na kisa ba a ankara ba.