Siro ya tsinke, jel ya ƙi tsayawa: ya ake auna kauri?

Tambaya: Salamu alaikum malam, daga Garwa nake, ina aiki a wani ƙaramin farmasi, muna haɗa jel ɗin goge hannu da siro (maganin sha mai ruwa-ruwa da zaƙi) kaɗan-kaɗan. Matsalata yau jel yayi kauri gobe ya fito tsululu alhali awo ɗaya ne, siro kuma da zafin Afrilu ya shigo sai ya tsinke. Ya ake auna kaurin nan ne, ko da ido kawai ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ido kam ba abin dogaro bane anan, kuma matsala biyu kika kawo ba ɗaya ba.

Mu fara da siro tunda shi ne mai sauƙi. Ana lissafin kauri da wani ma'auni da ake rubutawa cP, ruwa a digiri 20 yana da kusan 1, gilisarin kuma kusan 1400, to shi gilisarin ɗin nan in ya kai digiri 40 sai ya sauko ƙasa da 300, kinga kenan a Garwa ko Marwa ko Njamena inda rana take wuce 40 kafin damina dole siro ya saki jiki kamar zuman da aka manta a rana. Ba lalacewa yayi ba. A laburatori da wani siririn bututun gilashi ake aunawa, na Ostwald, ana ƙirga sakan nawa ruwan ya ɗauka daga wannan alama zuwa waccan. Ke da baki da shi samu sirinji mai 10 ml, cire allura da abin turawa, toshe bakin da yatsa, ki cika, ki saki ki kama lokaci da wayarki. Sau uku, kuma kullum a zafi ɗaya, ki rubuta digirin a gefe. Bazai baki cP ba amma zai nuna miki ko haɗin yau yayi daidai da na jiya.

Jel fa wani hali ne da shi daban, irin na kindirmo: a ƙwarya yana zaune daram, da an sa ludayi an dama sai ya sake. Shi yasa bututu baya masa aiki, sai na'ura irin ta Brookfield mai sandar da take juyawa a cikinsa tana jin yadda yake riƙe ta. In aka ƙara gudun sandar lambar kaurin sai ta sauko, don haka duk wanda yace miki jel ɗinsa 50,000 cP ne bai faɗi lambar sanda da gudu da zafi ba, wallahi bai gaya miki komai ba. Carbopol 940 misali, wato garin kabomar da ake kaurara jel da shi, 0.5 cikin ɗari a ruwa, ana sa ran 40,000 zuwa 60,000 ne a juyi 20 a minti, digiri 25.

Amma ni ban zargi zafi akan jel ɗinki ba, kabomar bai cika damuwa da zafi ba. Ruwan nake zargi. Gishiri kaɗan yana karya shi nan take, gwada ki barbaɗa ɗan gishirin miya akan jel a tafin hannunki kiga yadda zai koma ruwa. In da ruwan rijiya ko na famfo kike haɗawa to ga amsarki nan, koma ruwan da aka tace na distile. Sai pH, wato ma'aunin tsami, garin kabomar baya kumbura sai an ɗiga masa tiriyetanolamin, sinadarin da ke kashe tsaminsa, pH ɗin ya kai wajen 6 zuwa 7, kuma na san da yawa da ido suke ɗigawa, ki sayi takardar pH mana, ba tsada. Garin ma yana shan raɓa in aka bar bakin leda a buɗe.

Don gwada kaurin jel ba tare da na'ura ba kuma, ki bar jel ɗin ya kwana kumfa ta fita, ki auna giram 1 ki ɗora akan gilashi, ki rufe da wani gilashin, ki aza nauyi iri ɗaya na minti ɗaya, sannan ki sa rula ki auna faɗin da ya baje. In na yau ya fi na jiya faɗi sosai kar ki zuba a kwalba tukuna, duba ruwa da pH.